Karnuka a Gidajen Shayi da Mashayun Ingila: Laifin Mai Igiya Ne da Mai Shago

Duk wanda ya zauna a Ingila cikin 'yan shekarun nan ya san wata 'yar takarda mai hoton tafin kare da ake mannawa a gilashin ƙofar gidajen shan shayi da kofi da mashayu, wadda ke sanar da cewa ana maraba da karnuka a ciki. Sau da yawa akan ajiye kwanon ruwa na ƙarfe a bakin ƙofar, a kan kanta kuma a ajiye kwalbar biskit ɗin karnuka kusa da na'urar karɓar kuɗi, wasu wuraren ma har sun ware wa kare nasa layin a takardar jerin abinci. Al'adar ta daɗe a mashayun karkara, inda manomi ko makiyayi kan shigo da karensa bayan aikin yini, karen ya kwanta kusa da murhu har maigidansa ya tashi. Amma yanzu ta mamaye birane, ta shiga manyan kantuna irin su John Lewis, wanda ya buɗe ƙofarsa ga karnukan masu sayayya a 2019, jiragen ƙasa kuwa suna barin fasinja ya hau da kare har biyu ba tare da ya biya musu ko kwabo ba. A ganina wannan takarda izini ce da mai shago ya ba mai kare bisa sharaɗi, kuma ƙorafin da ake ta yi a kan karnukan da ba su da ladabi a waɗannan wurare ya samo asali ne daga mutum biyu: mai karen da ya mayar da izinin haƙƙinsa, da mai shagon da ya karɓi cinikin ya ƙi buɗe baki ya faɗi sharaɗin.

Ga mai karatu na gida, mashaya a Ingila ta wuce wurin shan giya kawai. Nan ake cin gasasshen naman ranar Lahadi da iyali, nan ake kallon ƙwallo, nan abokan aiki ke yi wa wanda zai bar ofis walimar sallama, a ƙauyuka da dama ma ita ce kaɗai ɗakin taron da ya rage bayan an rufe gidan waya da kanti. Saboda haka har wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba yakan tsinci kansa a ciki wata rana da kofin lemo a hannu, balle gidan shayi da kowa ke shiga. Masu waɗannan wurare kuwa suna cikin matsi, domin a ƙarshen 2024 yawan mashayu a Ingila da Wales ya sauka ƙasa da 39,000, bayan fiye da 400 sun rufe a wannan shekarar kaɗai. A ɗaya hannun, Birtaniya na da karnuka fiye da miliyan 10, kuma kowane ɗaya sai an fita da shi yawo kullum, ko ana ruwa ko ana sanyi, har da safiyar Talata lokacin da shaguna ke fama da rashin ciniki. Mai shagon da ya ga wannan kasuwa tana wucewa ta gaban ƙofarsa ya ajiye kwanon ruwa, ba na ganin laifinsa. Doka ma ba ta hana shi ba, domin abin da ƙa'idar tsaftar abinci ta ce shi ne a hana dabbobin gida shiga inda ake dafawa, ko sarrafawa, ko adana abinci, wurin zaman masu ci kuwa an bar wa mai shago zaɓi.

Abin da ya sauya shi ne irin karnukan da ke shigowa da irin masu su. Da aka kulle ƙasar saboda annobar korona a watan Maris na 2020, mutanen da kaɗaici ya dama suka yi rububin sayen 'yan kwikwiyo har farashinsu ya ninka, kuma ƙungiyar masu sarrafa abincin dabbobi ta ƙiyasta a 2021 cewa gidaje miliyan 3.2 sun ɗauki sabuwar dabba tun daga farkon annobar. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa riƙe kare ba. Masana halayyar karnuka kuwa sun yi ittifaƙi cewa makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, wajen mako na uku zuwa na goma sha biyu ko sha huɗu, su ne lokacin da yake sabawa da baƙin fuska, da hayaniya, da sauran karnuka, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan 'yan kwikwiyo sun yi wannan lokacin nasu a falo, makarantun horo a rufe, baƙo ba ya shigowa, maigida kuma yana gida dare da rana. Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta bi diddigin karnukan da aka saya a 2020, kuma a sakamakon da ta fitar a farkon 2024, kashi 97 cikin ɗari na masu karnukan sun ambaci aƙalla matsala ɗaya ta ɗabi'a lokacin da karnukan suka kai wata 21: kashi 67 suna fizgar igiya, kashi 57 suna tsalle a jikin mutane, kashi 52 ba sa dawowa in an kira su. Da yawa kuma ba sa iya zama su kaɗai a gida ba tare da kuka da ɓarna ba. Nan ne lamarin ya cukurkuɗe, domin karen da ba a iya bari a gida shi ne ake ɗaukowa zuwa gidan shayi, wato wanda ya fi kowa ƙarancin horo shi ne ya fi kowa yawan zuwa.

Wata Asabar da ake tsuga ruwa ina zaune a wani ɗan gidan shayi mai ƙunci, inda tsakanin tebur da tebur da ƙyar mutum ɗaya ke wucewa, sai wata mata ta shigo da kare mai dogayen kunnuwa, ya jiƙe sharkaf. Igiyarsa irin mai zarewa da kanta ce, wadda ke naɗe cikin ɗan akwatin roba kamar tef ɗin awon tela, kuma ba ta danna makullin ba. Ta zauna, ta ciro waya, karen ya yi gaba, siririyar igiyar ta gitta hanya daidai ƙwaurin mutum. Yarinyar da ke kai abinci ta taho da tire ɗauke da butocin shayi biyu masu tururi, ta hango igiyar a ƙurarren lokaci, ta ɗaga ƙafa ta tsallake, ba ta ce uffan ba. Karen ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya girgije jikinsa, ruwan ya fantsama har kan burodin da ke teburin kusa, sannan ya ɗora ƙafafunsa na gaba a gwiwar wani dattijo mai farin wando, ya bar masa tambarin laka guda biyu. Matar ta ɗago kai ta yi murmushi ta ce, "Kada ka damu, ba ya cizo, son mutane ne da shi." Dattijon ya ce ba komai, ya goge wandon da takardar goge baki, jim kaɗan ya biya kuɗinsa ya fita ya bar rabin shayinsa. Sai da wani saurayi a lungu ya miƙe zai tafi na ga wani ƙaton baƙin kare ya fito daga ƙarƙashin teburinsa, wanda tun shigowata yana nan kwance a kan ɗan bargo, kuma duk wannan hidimar da aka yi bai ko ɗaga kai ba.

Wannan magana ta "ba ya cizo" ita ce tushen rashin fahimtar, kuma tana da ƙannai: "wasa yake yi", "gaisawa kawai yake so", da autarsu mai zuwa bayan ɓarna ta auku, "bai taɓa yin haka ba". Mai faɗinta ya ɗauka cewa cizo ne kaɗai ma'aunin cutarwa, alhali mutumin da ya biya kuɗin abincinsa yana da haƙƙin ya ci ba tare da hanci mai danshi ya leƙa farantinsa ba, ba tare da haushi ya hana shi jin abin da abokin hirarsa ke faɗa ba, kuma ba tare da ya zauna a kujerar da kare ya sauka daga kai ya bar gashi ba. Ita kanta doka ba ta jira sai haƙori ya shiga nama. A ƙarƙashin Dokar Karnuka Masu Haɗari ta 1991, kare ya fita daga iko ta hanya mai haɗari idan ya raunata wani, ko kuma idan ya ba mutum dalilin jin tsoron cewa zai raunata shi, kuma tun 2014 wannan hukunci ya shafi har cikin gidaje da wuraren da ba na jama'a ba. Hukuncin na iya kai wa ɗaurin wata shida, in an ji rauni shekara biyar, in an rasa rai shekara 14. Binciken da BBC ta yi a 2023 ya nuna cewa hare-haren karnuka masu jawo rauni da 'yan sanda suka rubuta a Ingila da Wales sun tashi daga sama da 16,000 a 2018 zuwa kusan 22,000 a 2022. Adalci ne a ce yawancin waɗannan a gidaje da tituna suke faruwa, ba a gidajen shayi ba, amma sun isa su nuna cewa wanda ya janye ƙafarsa da ya ga baƙon kare ya nufo shi ba raki yake yi ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta mutanen ƙasar da ke rufa wa masu irin waɗannan karnuka asiri, wato ƙyamar yin magana a bainar jama'a. Bature zai gwammace ya ce ba komai, ya haɗiye fushinsa, ya koma gida ya rubuta doguwar wasiƙar ƙorafi a intanet, da ya dubi maƙwabcin teburinsa ya ce masa ja karenka. Mai karen kuwa sai ya fassara shirun da yarda. Ga shi kuma son kare a can ya zama kamar shaidar kirki, har wanda ya nuna ba ya so a taɓa shi akan yi masa wani kallo, kamar shi ne ya zo da matsala. Ta haka nauyin ya juye: maimakon mai kare ya tambaya kafin ya bar karensa ya kusanci mutum, sai baƙon ne ke neman uzurin da zai bayar, ya ce yana da asma, ko an taɓa cizonsa yana yaro, ko addininsa ne. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya kawo hujja kafin a bar shi ya sha shayinsa lafiya ba.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa muna da namu dalilan, kuma ba na jin kunyar faɗinsu. A wurinmu kare na gadi ne da farauta, ana ciyar da shi, mafarauta ma suna ji da nasu ƙwarai, amma ba ya shiga ɗaki balle ya hau shimfiɗa. Kuma mun san cizon mahaukacin kare da idonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa da ita. Birtaniya ta rabu da cutar a cikin dabbobinta na ƙasa tun 1922, saboda haka galibin 'yan ƙasar ba su tashi da wannan tsoron ba, amma jikin da aka koya wa gudu tun yana ƙarami ba ya duba taswira kafin ya zabura. Ta fuskar fiƙihu kuwa, mu mabiya Malikiyya muna da sauƙi, domin a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai kuma malamanmu sun ɗauke shi a matsayin umarnin da ake bi don ibada. Amma ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kuma mafi yawansu Hanafawa ne daga kudancin Asiya, ga kuma Shafi'awa irin 'yan Somaliya, waɗanda a wurinsu yawun kare najasa ne. Ma'aikacin da ya fito hutun rana da kayan da zai yi Azahar da su, aka lashe masa wando da sunan gaisuwa, an ɗora masa aikin da mai karen bai ma san akwai shi ba. Ba ina cewa Ingila ta sauya al'adarta don mu ba, baƙo ba ya tsara wa mai gida inda zai ɗaure dabbarsa. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma shi ne abin da mai asma, da uwa mai goyo, da tsohuwa mai dogara sanda suke nema: kare ya tsaya a wurin mai shi.

Abin da masu kawo kare ko'ina ba sa son ji shi ne, sau da yawa shi kansa karen wahala yake sha. Mashaya a daren Juma'a cike take da ihu, da ƙarar kofuna, da ƙafafun da ke taka wutsiya, ga ƙamshin naman da aka hana shi, kuma kunnensa da hancinsa sun fi namu kaifi nesa ba kusa ba. Wata likitar dabbobi ta Birtaniya, Kendal Shepherd, ta tsara alamomin damuwar kare a matsayin matakan tsani: yana farawa da hamma, da lasar hanci, da ƙifta ido, sai kau da kai, sai juya baya ko ƙoƙarin barin wurin, sai maƙale kunnuwa da cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, sai sandarewa da kafa ido, sai gurnani, sai kai hari a iska, sannan cizo. Wanda ya ce karensa bai taɓa yin haka ba, galibi karen ya daɗe yana faɗa masa tun daga matakin farko, shi ne dai idonsa ke kan waya. Mafi muni shi ne wanda ke tsawata wa kare in ya yi gurnani, domin yana koya masa ya daina gargaɗi ya wuce kai tsaye zuwa mataki na ƙarshe. Karen da ke rawar jiki a ƙarƙashin tebur yana lasar baki na tsawon awa biyu don maigidansa ya ƙare hira, da an bar shi a gida bayan doguwar tafiya da ya fi masa daɗi.

Waɗanda ba su da kare ma ba su fita ba. Na sha ganin mutum ya durƙusa ya rungumi karen da bai sani ba ba tare da ya tambayi mai shi ba, ko iyaye su saki yaro ya je ya ja kunnen karen da ke barci, ko wani ya miƙa wa kare ɓallin kek a ɓoye, alhali cakulan, da inabi da busasshensa, da albasa duk guba ne gare shi. Tun 2012 aka fara wani tsari a Suwidin, wanda ya bazu har Birtaniya, na ɗaura rawayan ƙyalle a igiyar karen da ke buƙatar a ba shi tazara saboda tsufa, ko ciwo, ko tsoro, amma mutane ƙalilan ne suka san ma'anarsa. Mai karen da ya yi duk abin da ya kamata, wani ya zo ya tsokano masa dabba, bai cancanci zargi ba.

Wanda ya fi kowa cutuwa a wannan rikici shi ne makaho da karen jagoransa. Tun 1931 aka fara horar da irin waɗannan karnuka a Birtaniya, kuma kowane ɗaya yakan ɗauki kusan shekara biyu ana aiki a kansa kafin a damƙa shi ga mai buƙata. Dokar Daidaito ta 2010 ta ba su damar shiga shaguna da gidajen abinci ko da an hana sauran karnuka, domin wannan kare idon mutum ne. A da, shi kaɗai ne a ɗakin. Yanzu sai ya ratsa tsakanin karnuka uku ko huɗu da ke fizgar igiya suna yi masa haushi kafin ya kai maigidansa kujera, kuma hari ɗaya ya isa ya tsorata shi har ya kasa komawa aiki, abin da ya sa doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara uku ga wanda karensa ya raunata kare mai taimakon naƙasasshe. Ga kuma masu sayen 'yar riga a intanet su sanya wa karen gida don a ɗauka na aiki ne, in ya yi ɓarna sai mai shago ya fara zargin na gaskiyar. A nan dole in juyo kan mutanenmu, domin a binciken da ƙungiyar Guide Dogs mai horar da karnukan jagora ta fitar a 2022, kashi 81 cikin ɗari na masu karen jagora sun ce an taɓa hana su shiga wani wuri ko wata mota, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu daga cikin direbobin tasi da masu gidajen abincin da ke yin haka da addini suke fakewa. Laifi ne da ke jawo wa direba tarar da ta kai fam 1,000, kuma ba shi da madogara mai ƙarfi. Tun 2008 wata majalisar malaman shari'a ta Birtaniya ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho damar zuwa wani masallaci a Leicester da karen jagoransa, aka gina wa karen wurin jira a bakin shiga. In masallaci ya samo wa wannan kare wuri, mai sayar da shinkafa da kaza ba shi da ta cewa.

To, me zai hana a hana karnuka shiga gaba ɗaya? Kamfanin Wetherspoon, mai mashayu kusan 800, haka ya yi. Dokar kamfanin tana nan tun jim kaɗan bayan kafa shi a 1979, kuma daga 10 ga Satumba 2018 ya tsaurara ta har a farfajiyar waje, ban da karnukan taimako, bisa hujjar cewa ko kare mai ladabi yana iya yin abin da ba a zata ba, kuma wurarensa cike suke da yara da abinci. A ɗaya gefen akwai kamfanin giya na BrewDog, wanda ke maraba da karnuka a mashayunsa, har a 2017 ya fara ba ma'aikatansa hutun mako ɗaya da albashi in sun ɗauki sabon kare. Ina ganin kowannensu ya yi daidai ta fuska ɗaya, domin duk wanda ya nufi ƙofarsu ya san abin da zai tarar. Amma ba na goyon bayan a mayar da hanin dokar ƙasa. Akwai dattawa da yawa a Ingila da ke zaune su kaɗai, waɗanda kare ne dalilin fitarsu daga gida, kuma rabin awar da suke yi a gidan shayi ita ce kaɗai hirarsu da ɗan Adam a yinin. Hana su don laifin wasu zalunci ne, kuma karnukansu galibi su ne irin wanda ke kwance shiru a ƙarƙashin tebur. Masu kiran a dawo da lasisin kare ma ban ga inda za su kai ba. An soke shi a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da kuɗinsa kwabo 37 ne, tara shi ya fi abin da ake samu tsada, kuma duk da cewa Ireland ta Arewa ta riƙe nata a kan fam 12.50, takarda ba ta koya wa kare kwanciya. Dokoki ba su yi kaɗan ba: tun 1992 wajibi ne kare ya sa abin wuya mai sunan mai shi da adireshinsa, tun Afrilun 2016 wajibi ne a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, nau'in XL Bully kuwa tun ranar ƙarshe ta 2023 ba ya fita sai da igiya da takunkumi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta tanadi abin da za a yi wa karen da ke haushi ba ƙaƙƙautawa a kan teburin kusa.

Ladabin da ake buƙata daga mai kare ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Ya gajiyar da shi da tafiya, ya bar shi ya yi bahayarsa kafin su shiga, ya goge masa jiki in ana ruwa, ya nemi tebur a lungu nesa da hanyar masu kai abinci, ya riƙe gajeriyar igiya a hannunsa ko ƙarƙashin ƙafarsa maimakon ɗaure ta a ƙafar teburin da ke ɗauke da ruwan zafi. Kujera da faranti na mutane ne. Kuma in kare ya fara haushi ya ƙi dainawa, to ziyarar ta ƙare, sai a nemi a zuba sauran kofin a kofin takarda a tafi. Wannan na ƙarshen shi ne wanda mutane suka fi ƙi, domin sun riga sun biya kuɗi, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wurin koyo ma akwai shi, domin tun 1992 ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club ke gudanar da tsarin horo mai matakan tagulla da azurfa da zinariya, inda ake gwada kare a kan zama wuri ɗaya, da gaisawa da baƙo ba tare da tsalle ba, da kame kai a gaban abinci.

Sai dai duk wannan nasiha ga mai jin nasiha take, kuma wanda ya fi buƙatarta shi ne ya fi yarda cewa karensa ba shi da aibi. Shi ya sa nake ɗora rabin laifin a kan mai shago. Shi ya manna takardar, shi ke cin ribar, kuma doka ta ba shi ikon sallamar duk wanda ya ga dama muddin ba wariya ya yi ba. Amma da yawa sun tsaya a kwanon ruwa da biskit, ba su rubuta ko layi ɗaya na sharaɗi ba, sai su bar yarinya 'yar shekara sha tara da ke karɓar mafi ƙarancin albashi ta tsallake igiya da ruwan zafi a hannu, ta goge fitsari a ƙafar kanta, ta kuma yanke shawarar ko za ta tunkari babban mutum ta ce masa ya sauke karensa daga kujera. Ba za ta yi ba, domin ta san in ya fusata ya je ya ba shagon tauraro ɗaya a Google ko Tripadvisor, ita za a tuhuma. Mashayun da na ga tsarinsu yana tafiya daidai su ne waɗanda suka raba ɗaki, karnuka a ɓangaren kanta mai daɓen dutse ko katako, ɗakin cin abinci kuwa babu, sannan suka rubuta sharuɗɗan a ƙofa da manyan baƙaƙe, har da cewa karen da ya dami mutane za a nemi a fita da shi. Idan an rubuta, ma'aikaci na iya nuna allo maimakon ya yi gardama, kuma wanda ke tambaya a waya kafin ya kama tebur zai samu amsar da za ta amfane shi. Ƙaramin shago mai ɗaki ɗaya da ba zai iya rabawa ba yana iya ƙayyade yawan karnukan da za su shiga a lokaci guda, ko ya ware sa'o'in cunkoso na ƙarshen mako.

Masu shago kan ce suna tsoron rasa cinikin masu karnuka in suka tsananta. Amma masu karnuka masu ladabi su ne suka fi kowa jin haushin marasa ladabi, domin karensu ake tsokana, kuma su ne za a kora tare in mai shago ya gaji ya cire takardar gaba ɗaya. Sannan lissafin mai shagon yana da giɓi: mai karen da aka yi wa magana yakan yi hayaniya a gansa, har ya rubuta a intanet, amma iyalin da suka leƙo suka ga karnuka biyu na kokawa a tsakanin tebura suka juya, da mai asmar da ya daina zuwa, da makahon da ya koma wani titi, babu ɗayansu da ke bayyana a littafin ciniki, saboda haka mai shagon ba ya sanin nawa ya rasa.